Murmushin Fentin Ruwa

Ƙarfe tara saura kwata na safiyar Litinin aka bugo waya ofishin 'yan sanda na unguwar tashar jiragen ruwa, a birnin Odesa, ana tsaka da yaƙi. An tarar da wani tsoho matacce a ɗakinsa.

Sufeto Miron Salamaha ya bar shayinsa bai sha ba. Ya ɗauki kwat, ya kira Saje Tamila, wadda ta girme shi da shekara shida kuma ba ta bari ya manta. Babu wuta tun asuba. Janaretoci na ta ruri a ƙofar shaguna, iskar teku na watsa yayyafi.

Gidan hawa huɗu ne, da tsakar gida da matattakalar ƙarfe ta waje. A gindin matattakalar wata tsohuwa ke jiransu, kyanwa a hannu.

"Ku ne 'yan sandan? Da gobara ce, da toka za ku zo ɗiba."

"Ke kika bugo waya?" in ji Sufeto.

"To wa zai bugo, kyanwa? Goggo Fira nake, kowa haka yake kirana. Ni ke hau masa da miya kullum da safe. Yau na hau, na sauko da abata."

"Wane ne shi?"

"Yarema Ilkovich Dubina. Mai zane. Shekara tamanin da biyu, kuma ko sau ɗaya bai taɓa ce mini an gode ba."

Ɗakin yana hawa na ƙarshe. An liƙe gilasan tagogi da salatif saboda girgizar bam. Tsohon na kwance rigingine kusa da murhun ƙarfe, jini ya bushe a ƙeyarsa da kuma gefen murhun. Likitan 'yan sanda ya riga su isowa.

"Jiya, tsakanin uku da biyar na yamma," in ji likitan. "Ya faɗi da baya, ko an tura shi. Amma bai mutu nan take ba, Miron. Ya kai awa guda yana numfashi. Da an kira motar asibiti, wataƙila da ya rayu."

Sufeto ya dubi ɗakin. Taku biyu daga gawar akwai wata 'yar kujera ta yara, tana fuskantar inda kan tsohon yake. A kan tebur akwai daro da ruwa jaja-jaja a ciki, da soso. Katakon da ake jingina zane a kai tsaye yake, babu komai a kansa.

A jikin bango kuma zane-zane ne a jere a ƙasa, duk an juya fuskokinsu bango. An rubuta wa kowanne lamba da alli a baya, ɗaya zuwa goma sha huɗu. Babu na tara.

Goggo Fira ta leƙo daga bakin ƙofa. Ta bi zane-zanen da kallo.

"Wa ya juya masa yaran da ya zana?"

"Ba haka yake ajiye su ba?"

"Shi? Ranar da gwamnatin Sobiyet ta rushe ya rantse a tsakar gidan nan, a gaban kowa, ba zai sake juya zane bango ba har ya mutu. Ko share ƙura ba ya bari a juya su."

"Jiya da yamma wa ya hau?"

"Jiniyar harin sama ta yi kuka uku saura, muka gangara ɗakin ƙasa, ba mu fito ba sai wajen biyar. Shi ba ya sauka. Wai wanda ya sha allurar asibitin mahaukata shekara biyu ba ya gudun roka. Amma da rana tsaka na ga mutumin gidan nunin zane, mai jan gemun nan, ya hau ya sauko yana ƙunƙuni."

Sufeto ya sa safar hannu ya juyo zane na ɗaya. Yaro ne da aka yi wa tal-kwabo, sanye da rigar da ta fi ƙarfinsa, yana riƙe da cokali ba kwano. Na biyu, 'yan mata uku a layin wanka na gidan marayu. Na uku, yarinya a ƙarƙashin tebur, ƙafafun manya kewaye da ita. Babu mai kuka a cikinsu, babu mai dariya. Kallo kawai suke yi.

"Ni da zan kwana da waɗannan, ni ma juya su zan yi," in ji Tamila.

Wani abu ya faɗi ƙasa lokacin da ya janye zanen. Kwalin ashana ne, babu komai ciki. Ya duba sauran. Kowane zane an soka masa kwalin ashana biyu a kusurwoyin sama, tsakaninsa da bango. Kwalayen tsofaffi ne, tambarinsu ya koɗe. A kan kantar ɗakin akwai gwangwanin da aka kwaso su, wayam.

Zane na ƙarshe bai samu kwali ba. An naɗe masa 'yan takardu biyu aka soka. Sufeto ya warware ɗaya. Irin takardar layi ce da ake yagar wa mutum ya jira a kira shi: Ɗaki na 12, lamba 31. Ɗayar, Ɗaki na 12, lamba 32. Babu sunan wuri.

"Garin nan akwai ɗaki na goma sha biyu ya fi dubu," in ji Tamila.

"Sa su a leda."

A ƙarƙashin daron ya sami katin gayyata. Ranar Alhamis za a buɗe nunin zanen Yarema Dubina. A ƙasa, da manyan haruffa, an rubuta cewa a wajen buɗewar mai zanen zai wanke zane na tara da hannunsa a gaban jama'a, a ga abin da ya ɓoye shekara arba'in da shida.

Sufeto ya dubi ruwan daron.

"An riga shi," ya ce. "Ko shi ya riga kansa. Wani dai ba ya son a ga abin."

Gidan nunin zanen a ƙarƙashin wani tsohon shagon littattafai yake. Mai shi, Levko Bilash, yana kan tsani yana nuna wa ma'aikata inda za su ɗaura fitila. Da ya ji labarin ya sauko ya zauna a kan akwati.

"Na tara fa?" Shi ne abin da ya fara tambaya.

"Ba ka tambayi yadda ya mutu ba, Malam Levko."

"Yaya ya mutu?"

"Muna bincike. Mene ne na tara?"

Levko ya nuna musu hoto a wayarsa. Yarinya ce 'yar shekara bakwai, jan ƙyalle a wuya, kumatu jajur, ta rungumi furanni tana washe baki.

"Wannan bai yi kama da sauran ba."

"Ba zai yi ba. A zamanin da, irin yaron da gwamnati ta yarda a zana ke nan. Ƙosasshe, mai dariya. Wanda ya zana yaro yana tagumi ya zagi ƙasa. Su Yarema suka ƙi. A ɗakunan kwanansu suke nuna aikinsu, a ɓoye, mutum goma ko sha biyar. Wannan murmushin rufi ne. Ainihin zanen yana ƙasa."

"Ka gan shi?"

"Babu wanda ya gani."

"Yaushe rabonka da tsohon?"

"Juma'a."

Tamila ta buɗe littafinta. "Akwai wata goggo da ta ga gemunka jiya da rana. Ta ce ba a mantuwa da shi."

Levko ya shafa gemun. "To, na je. Minti goma. Na roƙe shi ya bar ni in leƙa gefe guda, ya kore ni da tsintsiya. Ƙarfe ɗaya na dawo nan, da jiniya ta yi kuka muna nan mu biyar, ku tambaye su."

"Jaridu sun ce fuskar wanda ya kai ƙarar su wurin jami'an asiri ce a ƙasan fentin. Wa ya faɗa musu?"

"Ni."

"Wa ya faɗa maka?"

"Babu kowa. Sufeto, ana yaƙi. Mutane ba sa fitowa kallon zane sai da dalili."

"To ka samo musu dalili. Wa zai ji tsoron wannan ƙaryar?"

"Mutum biyu suka rage a cikinsu. Yanzu ɗaya. Sava Rudik. Tun da ake raɗe-raɗin shi ne."

"Ka aika masa kati?"

"Kowa na aika wa. Har 'yar Yarema, ko da yake ba sa ga maciji. Na ga zai yi kyau a hoton jarida."

A mota shugaban ofis ya kira. Ya ji labarin tsohon ɗan rahoton. Ya ce a kawo Rudik kafin yamma, a rufe fayil, akwai aiki jibge.

"Ka ji Oga," in ji Tamila. "Ya gano mai laifi daga kan kujerarsa."

"Mu je mu gan shi tukuna."

Sava Panasovich Rudik yana zaune a ɗaki guda, a hawa na ƙasa, bayan kasuwar kifi. Da kansa ya buɗe ƙofa, a kan keken guragu. Ƙafarsa ta hagu an yanke ta daga gwiwa.

"Ciwon suga," ya ce, ganin inda idonsu ya sauka. "Bara. Ku shigo. In kama ni kuka zo yi, sai ku ɗauke ni, ba ni da nauyi."

"Ka ji ke nan."

"Fira ta bugo. Ta riga rediyo."

Ya dafa musu shayi a ɗan risho. Ya zuba musu a kofi.

"Kai ka kai ƙarar su?" in ji Sufeto.

"Ni ne. Shekarar saba'in da tara. Jami'an asiri suka ajiye ni kwana huɗu ba barci, na rubuta sunaye. Yarema ya yi shekara biyu a asibitin mahaukata. Ya sani. Da ya fito ya mare ni sau ɗaya, muka ci gaba da shan shayi shekara arba'in. Duk wanda ya isa ya sani ya mutu. Me zan ɓoye?"

"Me ke ƙarƙashin na tara?"

"Ban sani ba."

"An ce fuskarka ce."

"Fuskata? Yarema bai taɓa ɓata fenti a kan babba ba."

"Mun sami daro da jan ruwa. Na ɗauka da kananzir ake wanke fenti."

Nan tsohon ya ɗan farfaɗo.

"Fentin mai ke nan. Dabararmu daban ce. Ka yi zanenka na gaskiya da fentin mai, ka bari ya bushe sarai. Ka yanka albasa ka goge fuskarsa don ya kama. Sai ka zana musu abin da suke so a kai da fentin ruwa. In sun zo bincike, su ga yarinya na dariya, su tafi. In abokai sun zo, soso da ruwan ɗumi. Ko bayan shekara ɗari zai wanku."

"Waɗanda ba ku rufe ba fa?"

"Bango. Da an ji baƙon taku a matattakala, a juya."

Sufeto ya fito da ledar ya ajiye kwalin ashana ɗaya a tebur.

Sava ya yi dariya har ya yi tari. "Har yanzu suna nan? Don kada ɗanyen fenti ya manne da bango ake soka su. Biyu-biyu, a sama. Aikin Orisya ke nan, 'yarsa. Tun tana shekara biyar. Yarema ya ƙwanƙwasa bututu sau uku, ita kuma ta ruga. Zane goma cikin minti biyu, muna duba agogo. In ta manta kwali ɗaya, ba ta cin abincin dare. A ina kuka…"

Ya tsaya. Ya dubi Sufeto, ya dubi kwalin.

"Jiya aka soka su," in ji Sufeto. "A zanen da ya bushe tun kafin in shiga makaranta."

"Duk mukan yi. Kowa ya iya. Ni ma na iya."

"Hawa huɗu, Sava Panasovich. Matattakalar ƙarfe."

"Ka rubuta ni ne. An ɗauke ni aka hau da ni. Ka rubuta, zan sa hannu, na saba."

"Ina take aiki?"

Tsohon ya juya kekensa ya fuskanci taga.

"Da aka kama shi, gidan marayu aka kai ta. Takardata ce ta kai ta can. Ba zan sake ba da sunanta ba."

Ba su matsa masa ba. Levko yana da adireshin da ya aika katin.

Asibitin yara ne na unguwa, a ƙarshen layin tarago. Iyaye mata na zaune a baranda da yara cikin rigunan sanyi. Tamila ta taɓa hannun Sufeto ta nuna masa ƙofar ƙarshe. Ɗaki na 12, ɗaukar hoton ƙirji da ƙashi. Kowace uwa na riƙe da 'yar takardar layi.

Daga ciki suka ji muryar mace, a hankali, ba tsawa ba lallashi.

"Ɗaga haɓa. Kada ka motsa. Riƙe numfashi. Yauwa, an gama, jarumi."

Yaron ya fito da alawa a hannu. Suka shiga.

Mace ce doguwa, 'yar shekara hamsin da uku, gashinta ya yi fari an datse shi. Farar riga, dogon hannu. Babu hoto ko kalanda a bangon ɗakin. Sufeto ya gane idanun. Ya gan su da safe, a zanen yarinyar ƙarƙashin tebur.

"Orisya Yaremivna? Sufeto Salamaha. Mahaifinki ya rasu."

"An faɗa mini."

"Wa?"

Ta ɗan jinkirta. "Goggo Fira."

"Ta ce ba ta da lambarki. Yaushe rabonki da shi?"

"Shekara goma sha ɗaya."

"Jiya da yamma kina ina?"

"Gida. Ni kaɗai. Ba ni da mai shaida, in shi kake nema."

"Takardun layin nan, in yaro ya shigo ina kike sa su?"

"A aljihu. In an tashi in zubar."

"Ranar Asabar yara nawa kika ɗauka?"

"Talatin da wani abu."

Ya ajiye ledar a kan teburinta. Lamba 31, lamba 32, da alamar naɗi a jikinsu.

"Kowa na iya tsintar takarda," ta ce.

"Haka ne."

Tamila ta je inda aka rataye kwat a bayan ƙofa, ta ɗago hannun dama. Bakin hannun ya yi ja-ja, ya ƙandare.

"Fentin ruwa ne," in ji Tamila. "Da kin jiƙa shi da ya fita, 'yar'uwa."

"Ɗaga hannun rigarki," in ji Sufeto.

Ta ɗaga. Shatin yatsu huɗu a wuyan hannunta, sun yi baƙi.

Ta zauna a kujerar da yara ke zama. Ta daɗe tana kallon ledar.

"Kwalayen ne suka ƙare," ta ce. "Ashirin da huɗu na tarar. Zane goma sha uku. Ban ma san na yi ba sai da na ga hannuna a aljihu."

"Ina na tara?"

Ta nuna bayan allon darmar da ake fakewa in za a ɗauki hoto. Tamila ta jawo shi a naɗe cikin bargo, ta buɗe.

An wanke rabin dama. A hagu jan kumatu na nan, da rabin murmushi, da furanni. A dama yarinyar ce dai, a kan 'yar kujera, cikin rigar barci, ƙafa ba takalmi. A bayanta gefen tebur, da gefen akwatin gawa, da hannun mace a naɗe a kan ƙirji. Idon yarinyar ɗaya da ya fito ya kumbura, bakinta a buɗe kaɗan. Ƙasan kujerar akwai jiƙa, an zana shi da kulawa, har da hasken taga a cikinsa.

Tamila ta kau da kai.

"Mamata ce," in ji Orisya. "Ciwon huhu. Kwana uku tana kan teburin nan kafin a binne ta, an rufe madubi, maƙwabta na shiga da fita. Ranar farko na farka na gan ta, na fara kuka. Ya dube ni. Na ɗauka ɗaukata zai yi. Sai ya jawo kujera ya ce, 'Zauna nan. Riƙe fuskar nan. Kada ki motsa.' Kwana uku. In na gaji da kuka fuskar ta sake, ya ce in juya in dubi Mama, in juyo. Na ce ina jin fitsari, ya ce saura kaɗan. Ka ga jiƙar ƙasan kujerar, ita ma bai bar ta ta tafi a banza ba."

A baranda wani yaro na tari.

"Da na girma abu ɗaya na roƙe shi. Ya ƙone wannan. Ya rantse da kabarinta ya ƙone. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce na gano ƙarya ne, yana nan ƙarƙashin murmushi. Na daina zuwa. Na ce tunda a rufe yake, ya zauna a rufe. Sai ga kati."

"Kika je jiya."

"Na jira jiniya don kada in gamu da kowa. Roƙonsa na je yi. Na ce, 'Baba, sauran goma sha ukun ka nuna, huɗu daga ciki ma ni ce, ban hana ba. Wannan ka bar mini.' Ya yi murna da ganina, ka sani? Ya ɗora ruwa. Ya ce in tsaya in ga ikon Allah. Ya fara wankewa yana cewa, 'Dubi idon nan, Orisya. A ƙasar nan kaf babu wanda ya taɓa zana gaskiyar yaro haka.' Na ce ni ce yaron. Ya ce a'a, wannan ta wuce ni, ta zama ta tarihi."

"Sai kika ɗauka."

"Na ɗauka. Ya riƙe mini hannu. Har yanzu yana da ƙarfi a yatsu. Na fizge, na ture shi da kafaɗa. Murhun na bayansa."

"Likita ya ce ya yi awa guda da rai."

"Minti hamsin. Na duba agogo."

"Kina aikin asibiti. Kina da waya."

"Ina da ita."

"Me kika yi?"

"Na juya yaran. Ban so su gani ba, ko kuwa hannuna ne ya tuna aikinsa, ban sani ba. Sannan na jawo kujerata na zauna." Ta gyara hannun rigarta. "Yana kallona. Yana son ya ɗaga kai. Na ce masa, 'Kada ka motsa.' A asibiti ma haka ake ce wa wanda ya bugu a ka. Kana iya rubuta hakan in kana so ka taimake ni. Amma ba shi nake nufi ba."

Sufeto ya rubuta abin da ta faɗa, yadda ta faɗa.

"Me ya hana ki ƙone zanen?"

"Na kunna murhu jiya. Na kasa. Hoton hannun Mama ba ni da wani sai wannan."

Ya rufe littafin. Ya faɗa mata dalilin kama ta da haƙƙinta na lauya. Ta saurara har ƙarshe.

"Saura yara uku a layi," ta ce. "Ɗaya daga ƙauye suka zo, motar safe. In na tafi sai Laraba."

Tamila ta dubi Sufeto. Ya ɗauki zanen ya mayar cikin bargo, suka fita baranda suka tsaya. Sau uku suka ji ta ta ƙofa. Ɗaga haɓa. Riƙe numfashi. An gama. "Kada ka motsa" ce kawai ba ta sake faɗa ba.

Ta fito da kwat ɗinta, ta kulle ɗakin, ta miƙa makulli ga mai gadi. Ba su sa mata ankwa ba sai a cikin mota.

Sun kusa ofis Orisya ta yi magana, ba tare da ta juyo ba.

"Zanen, ina za a kai shi?"

"Ɗakin ajiyar shaida."

"Daga nan fa?"

"Kotu."

"Za a buɗe?"

"Dole. Masana za su wanke sauran, a ɗauki hoto, a sa a fayil. Alƙali zai gani, da lauyoyi."

"Da 'yan jarida."

Sufeto ya mayar da ido kan titi.

"To," ta ce. "Baba ya samu taronsa."

An shigar da ita ciki. Sufeto ya kira shugaban ofis ya ce a bar Rudik ya sha shayinsa. Sannan ya gangara da zanen ɗakin ajiya da kansa. Ya sa hannu a takarda, ma'aji ya liƙa lamba. Kafin ya fita ya jingina zanen a ƙasa, ya juya fuskarsa bango.

Yana kan matattakala ya ji ma'ajin na gunaguni. Ya waiwaya. Mutumin ya juyo da zanen, don lambar shaida a gaba take, kuma ƙa'ida ce a gan ta daga ƙofa.